Sashen awon girman yara na wani asibiti a Zariya: abin da na gani cikin wata tara

Surukata ce ta fara ɗaga maganar, ranar da aka yi suna a gidan ƙanen maigidana aka jera jikoki domin a ɗauke su hoto. Autata, wadda a lokacin take da wata 18, ta tsaya kusa da 'yar baffanta da aka haifa mako uku bayanta, sai ga shi ƙaramar ta ɗara ta tsawo da kusan yatsa uku. Hajiya ta daɗe tana dubansu, sannan ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ya kamata a kai yarinyar nan a duba ta. Ni a raina na riga na yanke hukunci cewa gado ne, domin ni kaina ba doguwa ba ce, kuma ba a san gidanmu da tsawo ba. Amma da na ɗauko katin rigakafinta na duba, sai na ga tun haihuwarta nauyi kawai ake rubutawa, gurbin tsawo kuwa fayau yake babu ko ɗigon biro. Wannan ne ya kai ni wani asibitin yara mai zaman kansa da ke ware safiya guda a mako domin awon girma kaɗai. Na je da ita sau huɗu cikin wata tara, na kuma kai yayanta mai shekara 13 sau biyu, kuma a kan wannan zirga-zirgar na gina abin da zan faɗa.

Wurin ba shi da wani ƙawa. Ɗaki ne guda mai benci biyu a bakin ƙofa, da fanka, da teburin ma'aikaciyar jinya, sai kayan awo da aka jera a jikin bango. Kuɗin ganin farko ya ɗan fi na komawa, kuma na komawar bai wuce abin da za a sayi mudu biyu na shinkafa ba a lokacin da nake zuwa. Wanda ya isa kafin ƙarfe tara yakan gama cikin sa'a guda, wanda ya makara kuwa sai ya yi haƙuri har azahar.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su taɓa yarinyar ba sai da suka tabbatar da ranar haihuwarta. Sistar da ke kula da sashen, wata dattijuwa mai yawan shiru, ta ƙi karɓar "shekara ɗaya da rabi" daga bakina, ta ce in ba ta rana da wata da shekara. Matar da ke gabana a layi ba ta da takardar haihuwa, ta ce dai an haifi ɗanta ana saura kwana uku Babbar Salla, sai Sista ta jawo wata takarda da aka jera ranakun azumi da salla da Mauludi na shekarun baya, kowace da kwanan watan Bature a gefenta, ta lalubo ranar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, kuma a wajen jariri kuskuren wata biyu ya isa ya mayar da lafiyayye mai tamowa a kan takarda, ko ya ɓoye wanda ke buƙatar taimako.

Awon nauyi ya zo da sauƙi. Ba su amfani da sikelin ratayen nan da ake zura yaro a wando a saƙala shi yana wutsil-wutsil, allura tana rawa. Nasu na ƙasa ne mai nuna lamba: uwa ta cire takalmi ta hau, a mayar da shi sifili tana tsaye a kai, sannan a miƙa mata yaron, sikelin ya nuna nauyinsa shi kaɗai. An sa na tuɓe mata komai har da famfas, duk da cewa lokacin sanyi ne, kuma da na ɗan yi ƙorafi Sista ta ce, "Malama, jiƙaƙƙen famfas da rigar sanyi sun isa su ba ta ƙibar da ba ta da ita." Ban sake cewa komai ba.

Awon tsawo ne ainihin abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba, kuma a nan zan ɗan daɗe. Allo ne na katako mai ma'auni a jiki, gefe ɗaya a kafe, ɗaya gefen kuma yana zamewa. Mutum biyu ne suke aikin. Kafin a kwantar da ita sai da aka sa na warware ɗan kitson da ya taru a tsakiyar kanta, aka cire ribom, abin da ban ji daɗinsa ba domin daren jiya aka yi kitson. Mataimakiyar ta durƙusa ta bayan kan yarinyar, ta tallafe kunnuwanta da tafin hannu biyu, ta manna tsakar kanta da katakon da ke kafe, ta daidaita fuskar yadda idanu ke kallon sama sak. Sista kuma ta ɗora hannun hagu a kan gwiwoyin ta danna a hankali har ƙafafun suka miƙe, ta jawo katakon ƙafa da hannun dama ya haɗu da tafin ƙafar gaba ɗaya, yatsu suna kallon sama. Auta tana ta tsala ihu, ni kuma an tsayar da ni inda za ta riƙa ganin fuskata. Sista ta karanta lambar da ƙarfi, santimita 77.0, mataimakiyar ta maimaita, sannan aka rubuta. Daga nan aka ɗaga ta, aka rarrashe ta, aka sake kwantar da ita aka maimaita awon daga farko, ya fito da bambancin milimita biyu, suka ce ya yi. Na fahimci cewa da bambancin ya yi yawa da sun yi na uku.

Ka'idar ita ce yaron da bai cika shekara biyu ba a kwance ake auna shi, daga shekara biyu kuma a tsaye, kuma awon kwance yakan ɗara na tsaye da kimanin santimita 0.7, shi ya sa jadawalin girma yake da ɗan tsalle a daidai wata 24. Haka kuma mutum ya fi tsawo da safe fiye da yamma, saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa idan an wuni a tsaye, wanda ya sa ware safiya domin wannan aiki ya zama dabara mai kyau, ko da gangan suka yi ko dacewa ce.

Sauran awon bai ɗauki lokaci ba. An zagaya kanta da tef ta goshi da ƙeya, an taɓa maɗiga, an auna kaurin damtsen hagu da tef ɗin nan mai launi uku da ake yi wa yara daga wata 6 zuwa wata 59, wanda ja ke nufin ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa daga nan zuwa 12.5, kore kuma abin da ya haura. Nata ya faɗa a kore. Sista ta kuma danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku ta saki, domin idan wurin ya loɓa bai taso ba alamar kumburin tamowa ce, wanda kan yaudari iyaye su ɗauka ƙiba ce.

Likitan da ya karanta sakamakon ya juyo da allon kwamfutarsa ya nuna mini ɗigon 'yata a kan jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya. Layin tsakiya, mai launin kore, yana kan santimita 80.7 ga 'ya mace mai wata 18, jan layin da ke ƙasa kuma, wanda duk yaron da ya faɗa ƙarƙashinsa ake lissafa shi cikin masu tsumburewa, yana kan 74.9. Auta tana tsakanin biyun. Sai na faɗi abin da ke raina tun daga gida, na ce, "Likita, ai wannan ma'aunin 'ya'yan Turawa ne, mu kuwa jininmu daban." Ya yi murmushi ya ce da a ce shekarun baya ne da ina da 'yar hujja, domin ma'aunin da aka yi ta amfani da shi tun daga ƙarshen shekarun 1970 an gina shi ne a kan yaran Amurka, waɗanda yawancin jariran cikinsu madarar gwangwani aka ba su. Wanda ake aiki da shi yanzu ya fito ne a 2006, bayan binciken da aka gudanar daga 1997 zuwa 2003 a kan yara sama da 8,000 a ƙasashe shida, wato Barazil, Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da aka shayar da nonon uwa, waɗanda iyayensu mata ba sa shan taba, kuma gidajensu ba sa cikin ƙuncin da zai tauye girma. Abin da aka gano shi ne ɗan Accra da ɗan Oslo da ɗan Maskat, idan duk sun sami abinci da tsafta da kulawa, tsawonsu a shekarun farko yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Na koma gida na bincika, na tarar haka abin yake, kuma tun daga ranar na rage saurin jingina komai ga gado.

Ba wai likitan ya kore gado gaba ɗaya ba. Ya auna ni a tsaye na fito santimita 154, na ba shi na maigidana, 171, ya haɗa su, ya cire 13 saboda mace ce, ya raba biyu, ya ce ana sa ran ta tsaya a wajajen 156 idan ta gama girma, da ragi ko ƙarin kusan santimita 8. Ga ɗa namiji ƙara 13 ɗin ake yi maimakon cirewa. Sai ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai, cewa gajartar uwa ita kanta tana iya zama tabon yunwa ko yawan ciwon da ta sha tana ƙarama, don haka abin da iyali ke kira gado wani lokaci tarihin tukunyarsu ne. Hukuncinsa a ranar shi ne awo ɗaya ba ya faɗin komai sai inda yaro yake a yau, abin da ake nema shi ne a ga ko yana bin hanyarsa ko yana gangarowa, saboda haka in dawo bayan wata uku.

A zuwa na biyu ne na ga ɗaya fuskar wurin. Ranar ta zo daidai da cunkoso, Sista ba ta nan, an kawo wata matashiyar ma'aikaciya daga wani sashe ita kaɗai babu mataimakiya. Da ta ga Auta tana tafiya da ƙafarta, sai ta tsayar da ita a jikin bango inda aka manna tef, ta ɗora rula a kanta yarinyar tana kuka tana noƙe wuya, gwiwoyi a lanƙwashe, ta rubuta 76.5. Ni malamar lissafi ce, kuma ko ba haka ba kowace uwa ta san yaro ba ya raguwa a tsawo. Na ce mata, "Sista, wata uku da suka wuce 77 ce, yaya aka yi ta koma baya?" Ta ce abin da tef ya nuna ke nan, ta kira mai bi mini. Da an bar lambar nan ta shiga kwamfuta, da ɗigon ya faɗa ƙarƙashin jan layin 'yan wata 21, da kuma an fara maganar gwaje-gwajen jini da kuɗinsu da tashin hankalinsu. Na zauna na jira har likita ya sami sarari, ya duba, ya kira wani ma'aikaci suka kwantar da ita a kan allo yadda ya kamata, ta fito 79.8. Ya ba ni haƙuri ba tare da kewaye-kewaye ba, kuma na yaba masa a kan haka, sai dai na ƙirga mata huɗu da aka auna 'ya'yansu a jikin bangon nan kafin ni, kuma babu wadda ta tsaya tambaya.

Kuskuren sama da santimita 3 a wajen yaron da duk abin da zai ƙara cikin wata uku bai wuce hakan ba ya rushe amfanin awon ɗungurungum. Masana wannan fanni sun daɗe da sanin haka. A binciken da James Tanner ya fara a Harpenden ta ƙasar Ingila a 1948, wanda ya zama ginshiƙin abin da aka sani game da girman yara da balaga, mutum ɗaya ne, Reginald Whitehouse, ya riƙa auna yaran shekara da shekaru, domin kada bambancin hannu ya shiga cikin lissafi. Ba na tsammanin asibitin unguwa ya kai wannan matsayi, amma wurin da ya sa kansa a matsayin sashen awon girma, yake kuma karɓar kuɗi a kan haka, bai kamata ya bar aikin mutum biyu a hannun mutum ɗaya wanda ba a koya masa ba. Da sun ɗage awon tsawo a ranar sun ce mu dawo, da ya fi mini. Tun daga lokacin nakan buga waya in tambaya ko dattijuwar tana nan kafin in fito daga gida.

Ƙorafina na biyu ya shafi takarda. Duk awon yana cikin kwamfutarsu, uwa kuma ana sallamarta da rasit kawai, sai idan ta nace ne ake buga mata jadawalin. Wannan ya ba ni mamaki, ganin cewa a ƙasar nan aka haifi dabarar ba uwa katin girman ɗanta ta riƙe a hannu. Likita David Morley, wanda ya yi aiki a Imesi-Ile da ke jihar Osun ta yanzu tun daga ƙarshen shekarun 1950, shi ne ya fito da katin da ake ɗiga nauyin yaro wata bayan wata, uwa ta tafi da shi gida ta dawo da shi, kuma daga can ne tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Hikimar ita ce uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya ganin layi yana hawa ko ya kwanta. Idan na koma wani gari gobe, ko kwamfutarsu ta lalace, tarihin girman 'yata ya tafi ke nan. Yanzu ina da ɗan littafi da nake sa su rubuta mini rana da nauyi da tsawo, da kuma ko a kwance aka auna ko a tsaye.

Game da yayanta kuwa, sai dai in yaba. Yaron ya shiga damuwa domin 'yan ajinsu sun fara zarce shi, wasu murya ta buɗe, shi kuwa yana nan kamar ɗan firamare. An auna shi a tsaye da ma'aunin da ke kafe a bango mai katakon da ke saukowa, diddige da mazaunai da kafaɗu da ƙeya duk a manne, ba takalmi ba hula. Likita ya fara da tambayar ko yana da sikila, domin tana jinkirta girma da balaga, na ce an gwada ba shi da ita. Ya nemi izinina da na yaron kafin ya duba alamomin balaga, ya sa labule, ya bar shi ya zaɓi ko in tsaya ko in fita, abin da ya dace da tarbiyyarmu ƙwarai. Ya tambayi lokacin da mahaifinsa ya yi nasa tsawon, na ce danginsa suna ba da labarin cewa sai da ya kusa gama sakandare ya miƙe. Ya bayyana wa yaron da kansa, ba ni ba, cewa kafin balaga yaro yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara, cewa 'yan mata sukan yi saurin tsawonsu a wajajen shekara 12, maza kuma a wajajen 14, kuma wanda ya makara ba lalle ne ya ƙare a gajere ba. Ya aika mu hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu, wanda ke nuna ko ƙasusuwan sun kai shekarun yaron ko suna baya, ya fito suna baya da fiye da shekara guda, ma'ana akwai sauran fili. Bai rubuta allura ko ƙwaya ba, ya ce a dawo bayan wata shida. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa jadawalin 'yan shekara 5 zuwa 19, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, bai kai na ƙananan yara ƙarfin hujja ba, domin tsofaffin alƙaluman Amurka aka sake tacewa aka gina shi. Da muka koma yaron ya ƙara santimita 3, ya fito daga ɗakin yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta.

Abin takaici shi ne wannan kamun kai na likita bai kai ga kantin maganin da ke bakin ƙofar fita ba. Sau biyu mai kantin yana ganin takardata daga sashen awo ya miƙo mini kwalbar sirof na buɗe ciki da wani garin gwangwani mai hoton ƙaton jariri, alhali babu wanda ya rubuta mini su. A ciki an ce mini in ci gaba da shayarwa har ta cika shekara biyu, in ƙara mata ƙwai da wake da garin busasshen kifi da gyaɗa da zogale a cikin abin da muke ci, in daina cika mata ciki da tsinkakken kunu, in ba ta kwanonta daban domin in san abin da ta ci, in kuma kula da gudawa da tsutsar ciki. A waje kuma ana nema a sayar mini da kwalba. Uwar da ta fito a tsorace za ta saya, kuma kuɗin kwalba ɗaya ya isa ƙwan mako biyu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin wannan asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57, kuma mafi yawan wannan tauyewa tana faruwa ne tun daga ciki zuwa cikar shekara biyu. A wurin da fiye da rabin yara suka gaza tsawon da ya kamata, ido ba ya iya ganewa, domin gajeren yaro yana kama da duk maƙwabtansa. Matan da nake haɗuwa da su a bencin nan kuwa galibi ma'aikata ne da matan 'yan kasuwa, waɗanda 'ya'yansu suka fi kowa nisa da haɗarin. Allon awon katako ne wanda bai fi ƙarfin ƙaramin asibitin unguwa ba, abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikata biyu masu lokaci da horo.

Ga wanda yake da halin biya, ina ba da shawarar zuwa, musamman idan yaro bai kai shekara biyu ba, ko an haife shi da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba, ko yana da ciwo mai daɗewa, ko kuma matashi ne da balaga ta yi masa jinkiri. A je da takardar haihuwa, a je da safe, a bar kitso sai an dawo, a tsaya a ga an kwantar da yaron idan bai cika wata 24 ba, a kuma nemi a rubuta lambar har da abin da ke bayan ɗigo, domin wanda kullum yake rubuta lamba mai ƙarewa da sifili ko biyar kintace yake yi. A zuwanmu na uku, da Auta ta cika shekara biyu, an auna ta a tsaye karo na farko ta fito 81.6, a na huɗu kuma tana da wata 27 ta kai 84.0. Ɗigo huɗun sun jeru a ƙasa da koren layi, suna tafiya tare da shi ba tare da sun gangaro ba, likita ya ce daga yanzu sau biyu a shekara ya isa. Na kai wa Hajiya littafin ta sa tabarau ta duba, ta ce to, Alhamdulillahi, amma duk da haka a ƙara mata ƙwan.